Ƙidayar Tsohuwa a Kan Ruwan Saliyo

Mu mutanen Zangon Lome muna zaune kusa da teku, amma ba mu san teku ba. Kakanninmu da ƙafa suka zo, da jakuna da huhunan goro, suka sauka inda hanya ta ƙare. Can da, tsohon Zango yana tsakiyar gari, manya suna cewa in dare ya raba har rurin ruwa ake ji daga tsakar gida. A 1977 aka rushe shi, aka kwashe mutane zuwa arewa wajen Agoè, sai muka ƙara nisa da gaɓa. Bayan shekara biyu aka haife ni, a nan Cacavéli kuwa nake zaune har wa yau, ina aikin katikis. Kafin tafiyar da zan ba ku labarinta, ruwa ɗaya tak na taɓa hayewa, wato Tafkin Togo, daga Agbodrafo zuwa Togoville lokacin ziyara, cikin kwalekwalen da ake turawa da gora. Ruwan da gora take taɓa ƙasansa kuwa ba ya tsorata kowa.

Mahaifina magini ne daga Dogon Dutsi, Kirista. Mahaifiyata 'yar Zango ce, danginta duk Musulmi. Wanta, Kawuna, ya yi shekara uku bai taka gidanmu ba saboda auren nan, sa'an nan ranar da aka haife ni ya zo da rago, aka wuce maganar. Shi ɗan kasuwa ne, goro ya gada. A 2007 yana da shekara kusan saba'in, yana ta rufe masa ido, in ba kusa da fuskarsa aka kawo abu ba sai inuwa yake gani. Yana da wani abokin ciniki Bahaushe a Freetown, babban birnin Saliyo, akwai kuma tsohon lissafi tsakaninsu tun kafin yaƙin ƙasar, wanda aka yi daga 1991 zuwa 2002. Ya daɗe yana cewa zai je su rufe shi tun suna da rai. Ya bukaci ɗan jagora mai iya karanta takarda, ni kuwa na yi firamaren mishan, ina da Faransanci da ɗan Turancin da na tsinta a Aflao. Sai aka ce ni zan raka shi.

Amma ni da tawa bukatar. Tun ina saurayi Fada ya nuna mana wani fim na 1997 a zauren ikkilisiya, sunansa Amistad, wanda ya fito a matsayin shugaban bayin kuwa ɗan Kwatano ne, Djimon Hounsou, maƙwabcinmu ke nan. Tun daga ranar nake son ganin jirgi mai filafilai da idona. Jiragen da muke hangowa daga bakin tekun Lome na ƙarfe ne, baƙaƙe, jere kamar rumbuna. Masu filafilai sai a talabijin, sa'ad da Turawa suke bikinsu. Suna da irin wannan biki a Amsterdam tun 1975, a Rouen tun 1989, a Brest tun 1992, inda jirage masu dogayen jigo sukan taru daga ƙasashe dabam dabam, jama'a su cika gaɓa suna kallo. Ban taɓa sa rai irinsa zai zo yankinmu ba. Sai na ji a rediyo cewa saboda cikar shekara 200 da Ingila ta haramta cinikin bayi a teku a 1807, wani jirgi da aka sassaƙa a Amurka bisa siffar Amistad ya taso, ya biya ta Ingila da Fotugal, zai iso Freetown a watan Disamba, za a kuma yi masa babbar tarya. Na je na ce wa Kawu ai Disamba ya fi dacewa, gama Babbar Salla ta shekarar ta zo kusa da Kirsimeti, goro zai yi daraja. Gaskiya na faɗa masa, sai dai ba ita ce dalilina ba.

Mahaifiyata ba ta so tafiyar ba, tana kuwa da hujja. Filin jirgin saman Saliyo yana Lungi, birnin kuma yana ƙetaren bakin wani babban kogi inda yake shiga teku. Duk wanda ya sauka sai ya san yadda zai haye. Ran 3 ga Yuni na wannan shekara, jirgi mai saukar ungulu da ya ɗauko 'yan Togo daga kallon ƙwallo a Freetown ya kama wuta ya faɗi a Lungi, mutum wajen 20 suka mutu, har da ministan wasanninmu, Richard Attipoé. Lome duka ta yi makoki. Don haka in ka ambaci Lungi a unguwarmu a lokacin, sai a yi shiru. Mahaifiyata ta sa na yi mata alkawari ba za mu hau kome ba sai jirgin fito. Ta ce in ruwa ne, ko ba kome ana iya samun gawa.

Muka haye iyaka a Aflao, muka kwana Ankara ta Gana, kashegari jirgin sama ya sauke mu Lungi da hantsi. Wannan duk ba ni da abin faɗi a kansa. Daga fili muka shiga wata tsohuwar mota zuwa Tagrin, inda jirgin fiton yake tsayawa.

A Tagrin muka fara koyon halin ruwa. An ce jirgi zai tashi ƙarfe sha ɗaya. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta yi, azahar ta yi, Kawu ya yi salla a gindin wani mangwaro. Da na tambayi wani mai sayar da kifi, ya nuna mini laka a bakin gaɓa, ya ce ruwa ya janye, sai ya dawo. Ni ɗan tudu, na saba in mota ta cika sai ta tashi. Ban san akwai abin hawan da yake jiran wata da teku su ba shi izini ba. Wajen la'asar ya iso, wani ƙaton abu mai faɗi, tsatsa ta ci gefensa, ya sauke bakinsa kan siminti kamar raƙumi zai sha ruwa. Motoci suka fito daga cikinsa, waɗansu suka shiga, manyan motoci da ƙanana, da kura cike da gawayi, da mata ɗauke da kwandunan rogo da ganye da kaji. Mu masu ƙafa muka bi ta tsakanin motoci, na riƙe hannun Kawu, muka hau wani siririn matakalin ƙarfe zuwa bene. Kowane taki sai in ce, "Kawu, ku ɗaga ƙafa." Shi kuma ya ce, "Na ji, Malam." Haka yake kirana in yana so ya tsokane ni.

Jirgin fito gari ne guda. A ɗakin ciki akwai kujeru da talabijin, waɗansu samari biyu da suka shafa farin alli a fuska suna ba mutane dariya da harshen Kiriyo, ana jefa musu kuɗi. Akwai mai wa'azi, akwai mai maganin basir, kowa da nasa masu sauraro. Akwai kuma waɗanda aka yanke wa hannu lokacin yaƙi, suna bi kujera kujera, ba wanda yake kallon fuskarsu sosai. Kawu ya ce ɗakin ya yi masa zafi, sai muka fita waje muka zauna kan wani akwati kusa da dogarin ƙarfe. Na duba ko zan ga rigunan ceto, na ga kaɗan a ɗaure can sama, na ƙidaya su, na ƙidaya mutanen da suke kusa da ni kawai, na daina lissafi.

Da muka rabu da gaɓa sai ƙasa ta fara motsi ƙarƙashinmu. Hazon hunturu ya rufe gaba da baya, har aka kai wani lokaci ba Tagrin, ba Freetown, sai ruwa launin toka. Cikina ya juya. Kawu ya ciro carbi, ni kuma na yi tawa addu'ar a zuci. Can sai ya ce, "Kai, ɗan nan, ka ɗauka ban gane ba? Goro ne ya dame ka? Wane jirgi ne wannan da ka jawo ni gani?"

Na ji kunya, amma na ji daɗi kuma, gama magana takan rage tsoro. Na ba shi labarin yadda na san shi. Na ce a 1839 an kama mutane daga ƙasar Mende, kudu da inda muke, aka haye da su teku zuwa Havana ta ƙasar Kyuba. A can waɗansu Sifaniyawa biyu suka sayi 53 daga cikinsu, maza 49 da yara huɗu, suka zuba su a wani ƙaramin jirgi za su kai su gonakin rake. Sunan jirgin Amistad, wato abota da harshensu. Kawu ya yi tsaki. Na ce kukun jirgin ya yi musu nuni da hannu cewa yanka su za a yi a cinye. Da dare wani manomi mai suna Sengbe Pieh ya sami ƙusa ya buɗe marinsa, ya kwance 'yan'uwansa, suka sami addunan saran rake, suka kashe kukun da shugaban jirgin. Amma ba su iya tuƙi ba. Suka bar Sifaniyawan nan biyu da rai, suka ce su nufi inda rana take fitowa. Da rana sai su yi gabas, da dare sai su karkata arewa da yamma a ɓoye. Kusan wata biyu suna haka, ƙishirwa tana kashe waɗansu, har ran 26 ga Agusta jirgin gwamnatin Amurka ya kama su kusa da New York, aka kai su kurkuku a garin New Haven.

"To, wa ya ji bakinsu?" in ji Kawu. Ɗan kasuwa ne, ya san abin da rashin tafinta yake jawowa.

Na ce ai nan ne wurin da na fi so. Wani malamin harsuna, Josiah Gibbs, ya shiga kurkukun da kwabbai a hannu, yana nuna ɗaya, biyu, uku, suna faɗa masa da harshensu, har ya haddace zuwa goma. Sa'an nan ya tafi tashar jiragen ruwa ta New York, yana yawo tsakanin ma'aikatan jirage yana ƙidaya da ƙarfi kamar mahaukaci. Sai wani saurayi baƙi, James Covey, da yake aiki a jirgin yaƙin Ingila, ya ji harshen uwarsa ya amsa. Shi ma an taɓa kama shi, aka ƙwato shi a teku, ya yi makaranta a Saliyo. Shi ya zama bakinsu a gaban shari'a. Ran 9 ga Maris 1841 Kotun Ƙolin Amurka ta ce su 'yantattu ne, a watan Janairu 1842 kuma 35 da suka ragu suka shigo ta wannan ruwa da muke kai.

Na zaci zai yi mamaki, ko ya ce madalla. Bai ce kome ba. Carbin ma ya tsaya a hannunsa. Ya sake tambaya, "Da ƙidaya ya same shi?" Na ce i. Daga nan bai ƙara magana ba har duwatsun Freetown suka fito daga cikin hazo, gidaje manne a jikinsu, muka sauka a Kissy bayan kusan awa ɗaya, ana kiran magariba.

Mai masaukinmu ya karɓe mu da kyau. Su biyun suka rungumi juna suna kuka, lissafin da na zaci zai ci kwanaki suka rufe shi a dare ɗaya, kowa ya yafe wa kowa rabi. Jikansa ya zaga da ni gari. Na ga babban rimin nan na tsakiyar birni, wanda hadiri ya kayar daga baya a watan Mayu 2023. Na ga wata tsohuwar ƙofar dutse ta 1817, ƙofar filin da ake tara bayin da jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato a teku. Kusan mutum 100,000 aka sauke a garin nan cikin shekara hamsin da 'yan kai, akwai kuwa Hausawa cikinsu. Wannan ya shafe mu, mu masu karanta Littafi da Hausa, ko da yake kaɗan ne cikinmu suka sani. A bakin waɗannan 'yantattun bayi ne wani Bajamushe mai aikin mishan, J. F. Schön, ya fara koyon Hausa, ya buga littafin kalmominta a 1843. Daga baya, da taimakon wani yaro Dorugu, wanda shi ma daga bauta ya fito, aka buga Matiyu da Yohanna da Ayyukan Manzanni da Hausa a 1857. Na tsaya gaban ƙofar ina tunanin wani Bakatsine da aka sauke nan tsirara, bai san harshen kowa ba, ana tambayarsa yadda ake ce ruwa da wuta a garinsu.

Ranar da muka je ganin jirgin, hanyar da ta gangara bakin ruwa ta cika maƙil. Ga makaɗa, ga 'yan makaranta cikin kayansu riƙe da tutoci, ga dodanni sanye da zare da gashin dabba suna rawa, mata suna guɗa. Kwalekwalen masunta masu fenti kala kala suna kewaya a ruwa. Masu talla suna ɗaga takardar liyon 5,000 suna nuna hoton da yake jikinta, gama Sengbe Pieh ne a kai. Na hango jigo biyu sun ɗan jingina baya, igiyoyi sun sauko daga kansu kamar saƙar gizo. Zan faɗi gaskiya, ya yi kyau ƙwarai. Ban taɓa ganin abin da hannu ya yi da ya kai shi kyau ba, har na manta abin da ya sa ake tunawa da shi. Ina tsammani haka bukukuwan Turawan nan suke, mutum ya ɗaga kai yana kallon filafilai, ba ya tuna akwai ƙasan jirgi.

Muka yi layi fiye da awa biyu. Da ma'aikatan suka ga tsoho ba ya gani sai suka kama shi suka hau da shi. Wata budurwa cikinsu ta yi mana bayani a hankali don in fassara. Ta ce a Mystic ta jihar Connecticut aka sassaƙa shi, aka sa shi a ruwa a shekarar 2000, tsawonsa duka har da sandar goshi wajen mita 39, yana kuma da inji don ranar da iska ta ƙi. Ta ce Amistad na ainihi ba jirgin haye teku da bayi ba ne, ɗan jirgin dakon kaya ne na bakin gaɓa. Abin da ya ba ni mamaki ƙanƙantarsa. Jirgin fiton da ya kawo mu zai haɗiye shi. Na leƙa ta ƙofar da take sauka ciki, sai na tuna da gidan bayi na Agbodrafo, nan kusa da mu, inda ɗakin ƙarƙashin ƙasa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, mutum ba ya iya miƙewa tsaye. Sau nawa na wuce ƙofar gidan nan zan hau kwalekwale, ban shiga ba sai sau ɗaya.

Kawu bai tambayi kome ba. Ya ce in kai shi gefe. Ya sa tafin hannu kan katako yana shafawa, ya bi igiya da yatsa, ya auna kaurinta. Sa'an nan ya ce in taka masa daga wannan gefe zuwa wancan in ƙidaya. Na taka bakwai da ɗan kai. Ya ce, "Mutum hamsin da uku." Ya ce mu tafi.

A hanyar komawa muka hau fiton sassafe. Ruwa ya kwanta, ba hazo sosai. Muka zauna kan akwatin nan namu. Muna tsakiyar ruwa sai na ji yana magana ƙasa ƙasa, na zaci zikiri ne. Da na matsa sai na ji ba Larabci ba ne, ba Hausa ba, ba Ewe ba. Yana lanƙwasa yatsunsa ɗaya ɗaya yana cewa, "Kalo, nle, nto, nna, nnu." Ya kai biyar ya tsaya, ya sake daga farko.

Na ce, "Kawu, wane yare ne wannan?"

Ya ce, "Da na sani, da na faɗa maka. Na Tsohuwa ne."

Tsohuwa ita ce kakarsu, shi da mahaifiyata. Abin da aka faɗa mana muna yara shi ne wai 'yar Salga ce, shi ke nan. A kan jirgin nan ya ba ni sauran. Ya ce tana yarinya, ba ta ko fara ƙirgen dangi ba, mahayan Zabarmawa na Babatu suka faɗa wa ƙauyensu a ƙasar Gurunsi, suka kora su kudu da igiya a wuya har kasuwar Salga. Wanda ya saye ta wani fatake ne Bahaushe mai goro. Da yaƙin basasa ya watsa Salga a 1892, ya kwashe gidansa zuwa Kete-Karachi, da ta girma ya sa ta ɗaka, ta haifa masa 'ya ɗaya. Wannan 'yar ita ce uwar Kawu. Sunan da ake kiran Tsohuwa da shi na kasuwa ne, nata na gida ba wanda ya taɓa ji. Harshenta duk ya zube, sai ƙidayar nan, takan yi ta in tana raba wa jikoki ƙuli-ƙuli. Kawu yana da shekara goma ta rasu. An binne ta a tsohon garin Kete-Karachi, wanda ruwan Volta ya shanye bayan an gama madatsar Akosombo a 1965.

"Ko kabarin babu," in ji shi. "Kifi ne a kansa."

Na tambaye shi don me ba a taɓa faɗa mana ba. Ya juyo da idanun nan nasa farare ya ce, "Kana da hankali kuwa? Ina da 'ya'ya mata uku a gida." Ya yi gaskiya. Duk wanda ya tashi a Zango ya sani, ana tare a masallaci, ana tare a kasuwa, ana ci a akushi ɗaya, amma ranar da aka zo neman aure sai tsofaffi su shiga ɗaki su fara tone-tonen asali. Kada kuma 'yan'uwana na ikkilisiya su yi murmushi, gama na zauna a sasanta aure a cikinmu inda kalmar nan ta fito daga bakin dattijon da yake karɓar jibi kowace Lahadi.

Ni da na tafi da labarina a shirye, Turawa ne miyagu, mu ne aka zalunta. Ban ƙarya ba, Sifaniyawan nan biyu sun yi baftisma kamar ni, wannan kuwa nauyi ne da ban iya saukewa a kan wani. Amma Tsohuwa ba ta taɓa ganin Bature ba sa'ad da aka ɗaura mata igiya, ba ta taɓa shiga jirgi ba. Hanyar da ta bi ita ce hanyar goronmu, wadda muke alfahari da ita. Wanda ya ƙidaya wuri ya biya kuɗinta kakana ne, daidai kamar yadda ita ma kakata ce, sunansa kuwa muke ɗauka a gidan su mahaifiyata, muna jera shi har Kano. Mutanen Amistad sun sami kotu, sun sami tafinta, an sa shugabansu a takardar kuɗi. Waɗanda aka kora ta tudu ba wanda ya sassaƙa musu kome. Na rasa abin da zan ce wa Kawu, sai na ce ya sake ƙidayar, na rubuta a bayan tikitin fito.

Ya ce, "Kada ka faɗa wa kowa sai na aurar da auta." Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "Amma in ka ga mutanen arewa a kasuwa, ka gwada abin da malamin nan ya yi."

Na gwada. Ba da ƙarfi ba, ni ba ni da ƙarfin halin Gibbs. In na ga mai tsaga irin ta arewacin Gana ko Burkina, a tashar manyan motoci ko kasuwar Agoè, sai in saya wani abu, in ƙidaya canjina da kalmomin Tsohuwa, in saci kallon fuskarsa. Mosawa suka dube ni ba su gane ba. Dagombawa suka yi dariya. Wani ya ce ya yi kama da nasu amma ba shi ba ne. Na yi shekara biyu ina haka, har matata ta ce mutane sun fara magana.

A daminar 2009 na tsaya wurin wata mata mai sayar da man kaɗe da daddawa. Na ƙidaya mata kuɗi kan tire, kalo, nle, nto, nna, nnu. Ba ta ko ɗaga kai ba, tana ƙulla leda, sai kawai bakinta ya ci gaba da na shida da na bakwai har goma. Sa'an nan ta farga, ta saki ledar, ta zuba mini magana da wani harshe kamar ruwan sama. Na ce mata da Hausa ban ji ba, iyakacina biyar. Ta ce ita 'yar Navrongo ce, harshen kuwa Kasem ne, ana yinsa a can da Paga, har Pô ta Burkina. Ta tambaye ni wa ya koya mini. Na ce wata kakata. Ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ba ta tambayi yadda kakar ta zo nan ba, ta ƙara mini daddawa biyu, ta ƙi karɓar kuɗinsu.

An aurar da auta a 2011, Kawu ya rasu a 2019. Cikin 'ya'yansa akwai waɗanda ba za su ji daɗin ganin wannan a rubuce ba, na kuwa faɗa musu kafin in aika. Ɗaya ta ce in cire, ɗaya ta ce in ba ta kwafi saboda yaranta.

A ranar nan ta kasuwa, zemijan na hau kai tsaye zuwa gidansa. Na same shi a zaure, an yi masa aikin ido ɗaya, yana tsince goro cikin ganye. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, an amsa." Ya ajiye goron. Na faɗa masa sunan harshen da sunayen garuruwan, ya maimaita su sau biyu. Sa'an nan ya buɗe hannun hagu, ya lanƙwasa yatsu biyar, ya ɗaga babban yatsan dama ya ce, "To, Malam, bayan nnu mene ne?"